Sunan da Bai Shiga Kaset Ba

Urafane, 9 ga Maris 1985

Zuwa ga taubashiyata Rebeka, uwar allura, a babbar likita ta Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Istifanus da yara. Mu nan lafiya lau, irin lafiyar bana: kowa na numfashi, ba mai ƙiba. Uwargida Hawwa na gaishe ki. Rijiyar gari ta ƙara nisa gaba biyu, jakin liman ya mutu, ni kuwa da ya kamata in riga shi ina nan daram.

Shekara shida ban rubuto maki ba. Kin san taubashi ba ya tuna hanyar gidanku sai ƙaya ta soke shi. To ga ƙayar.

Awaki uku suka rage mani, su ma in iska ta taso sai an riƙe su. Ranar Talata da sassafe na tafi gawon nan na bakin gonar tsoho in saro masu ganye, tun masu gandun daji ba su fito ba, kada su kai ni gaban kumandan. Yaron nan, babban, ya biyo ni. Ya ce, "Baba, bari in hau." Na ce mashi tun uwarka na tallan fura nake hawan gawo. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da tumbin da yunwar bana ma ta kasa cinyewa. Hawa dai na hau lafiya. Sai na juyo in nuna mashi yadda manya ke riƙe gatari, na ɗora ƙafa kan busasshen reshe.

Rebeka, da yaron ya tsaya inda yake, da yanzu ana raba gadon awaki uku. Bai tsaya ba. Ya rugo ya shiga ƙarƙashina, ya tare ni da jikinsa. Ni na faɗo, shi ya karye. Abin da na samu kawai ƙurjewa ce a gwiwar hannu. Mutane na zuwa jaje, ina nuna masu ita, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

A likitar Tasawa suka tura mu Maraɗi. A Maraɗi suka ɗauki hoton ƙashi, suka ce ƙashin baya ne ya tsage, aikin ya fi ƙarfinsu, sai Yamai. Ƙafafun na motsi har yanzu, amma ya ce kamar tururuwa ke yawo a ciki. Ƙanena Cha'ibu ne ya rako shi, shi zai ba ki takardar nan. Ni ba halin zuwa. Soji ke rabon jar dawar taimako, kuma ba sa ba kowa sai maigida da kansa, da kartin gida a hannu. Baki goma sha ɗaya ke jiran mudun nan.

Ki duba mani shi, don girman zumuntar tsohona da uwarki. Ba ya magana, ba ni ya gado ba. Ko wuta ke cin rigarsa, in kika tambaye shi zai ce lafiya lau. Kada ki yarda.

Naki, wanda gawo ya tofar,
Na Allah

Yamai, 21 ga Maris 1985

Zuwa ga Mushe Na Allah, mushen 'yan boko ba na ungulu ba, mai digirin aji huɗu.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Istifanus na yi maka jaje, ya ce a gaida gwiwar hannu. Ka gaishe mani da Hawwa, ka ce mata ɗanta na cin abinci, ni nake kai mashi daga gida.

Ka cika shafi biyu, har jakin liman ya samu wuri, amma ba ka rubuta sunan ɗanka ba. Ƙadri ne sunansa, in ka manta. Na sani, ɗan fari ne, kuma sunan Kawu marigayi aka sa mashi, kunya biyu ta haɗu maka. Ka riƙe wannan, zan dawo kanta.

Yanzu ka ajiye wasa ka karanta a hankali. Ƙashin da ya tsage yana matse laka, igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, wadda ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Ƙafar hagu ta fara nauyi. Akwai wani lokotoro baƙo da ya zo muna na wata biyu, gwanin aikin baya. Zai yi mashi fiɗa ranar Alhamis 11 ga Afrilu, ya sa ƙarfe biyu su miƙar da ƙashin. Ranar Asabar zai hau jirgi. Ba a ɗage ranar, ba kuma wani bayansa.

Haɗarin shi ne lokacin da ake jan ƙarfen. In an ja ya wuce kima, laka na iya shaƙewa, mai barci kuwa ba ya cewa wayyo. Sai an ɗinke, ya farka, a tarar ƙafafu sun mutu, lokacin gyara ya wuce. Lokotoro ya ce a ƙasarsu an fara samun na'ura mai sauraron jijiya ana cikin aiki. Mu nan ba mu da ita. Abin da ake yi, da an gama jan ƙarfe sai a rage maganin barci, a tashe shi rabi da rabi, baya a buɗe. Ba zai ji zafi ba, ba zai tuna ba. A ce ya matse hannu, sannan a ce ya motsa ƙafafu. In sun motsa, a mai da shi barci a ɗinke. In ba su motsa ba, a sassauta ƙarfe nan take. Kowane minti a wurin nan tsoka ce ake ceto ko ake asara.

Ga matsalar. Ranar Litinin an ba shi maganin barci kaɗan don a gyara mashi kwanciya, sai muka ga yana da nauyin tashi ƙwarai. Lokotoro ya kira, shiru. Na kira, shiru. Ya ce irinsu sun fi saurin amsa muryar gida, kuma sunan mutum ke fara shiga kunne kafin kowace magana. Ya tambaye shi muryar wa zai fi ji. Bai ce Cha'ibu ba, bai ce uwarsa ba. Kai ya ce.

Don haka ka nemi rediyo mai kaset. Ka kira sunansa sau uku, da ƙarfi, sunan yanka. Ka ce, "Matse hannu." Ka dakata. Ka ce, "Motsa ƙafafunka." Ka maimaita har sau goma. Kada ka ƙara komai. Ka ba Mati direba, yana shigowa Yamai duk mako.

Na san abin da na roƙa. Ka yi shi.

Taubashiyarka,
Rebeka

Urafane, 30 ga Maris 1985

Zuwa ga babbar lokotoro Rebeka, wadda ke tashin mutane ana cikin yanka su.

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. An yi rabo jiya, dawar ja ce kamar an rina ta, tuwonta na tsayawa a wuya sai an yi mashi rakiya da ruwa. Hawwa ta gode da abincin, ta ce Allah ya saka.

Takardarki ta zo, na karanta ta da kaina, ban kai wa kowa ba, don a san aji huɗun nan bai tafi a banza ba. Wato ku a can sai ku buɗe mutum kamar buhu, sannan ku tashe shi ku tambaye shi labari. Na gaya wa liman, ya ce ko mahauta ba sa haka.

Ga kaset nan hannun Mati. Rediyon Mushe Ayuba, malamin lakwal, makarantar bokon nan, muka ara, da pil, wato batir, sababbi guda shida. Da aka ji Na Allah zai yi magana a cikin akwati, rabin gari ya taru a zauren. Ba gaban kaset kaɗai na cika ba, har da bayansa. Akwai jana'izar jakin liman tun daga wanka har rabon gado. Akwai yadda sajan mai rabon dawa ke karanta sunayen mutanen Urafane kamar yana tauna tsakuwa, wannan ki rage murya in akwai mai kaki kusa. Hawwa ta yi gaisuwa daga bayan zana. Samari sun yi mashi waƙar noma. Mutane sun yi dariya har wata tsohuwa ta nemi ruwa.

Batun ƙafa ma ban manta ba. Can wajen ƙarshe na ce, "Kai mai sunan tsoho, in sun ce ka motsa, ka motsa, kada ka ba mu kunya a birni." Batun suna kuwa, ai ya san sunansa, shekara ashirin yana amsa shi, ba sai an tuna mashi ba. Muryata kuma ko a cikin rijiya ya ji ta zai gane.

Ki sa mashi ya ji, ya ɗan warware. Ki ce mashi awakin na tambayarsa.

Naki,
Na Allah, sarkin masu magana a akwati

Yamai, 5 ga Afrilu 1985

Na Allah,

Muna lafiya. Ƙadri na nan, yatsun hagu sun daina jin tsinin allura tun shekaranjiya.

Kaset ya zo. Na so in saurara ni kaɗai tukuna, amma Cha'ibu ya riga ya gaya mashi, sai na kai rediyo bakin gadonsa. Duk ɗakin sun yi dariya, har wanda aka yanke wa ƙafa. Ɗanka bai yi ba. Ya kafa kunne. Gaba ya ƙare, ya ce, "Gwaggo, juya." Na juya. Ya saurara har kaset ya yi ƙas ya tsaya. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya mai da fuska bango, ya ce, "Ba komai, Gwaggo. Ke ki kira ni."

Akwai abin da ya hana ni gaya maka, yau zan karya alkawari. Ranar da lokotoro ya tambaye shi muryar wa zai fi ji, ga abin da ya ce in fassara: "Ta Baba, in sunana ya kira. Ban taɓa jin sa a bakinsa ba. In na ji, ko a kabari nake zan ɗaga kai in ga ko lafiya."

Ba zan iya sa jana'izar jaki a ɗakin fiɗa ba. Mutum na kwance rub da ciki, bayansa a buɗe, ana ƙirga mintoci, ba lokacin neman inda ka ce "mai sunan tsoho" ba ne. Kunyar ɗan fari na san ta, a gidan da ka tashi nan uwata ta tashi. Amma shi da ya ga kana faɗowa bai tsaya lissafin abin da ya dace ba.

Saura kwana shida. Mati zai juya gobe. In ka sake wani ka ba shi nan take, yana iya riskarmu. In ba za ka iya ba, ka faɗa mani a fili, kada ka aiko mani da waƙar noma.

Rebeka

Tashar Tasawa, Laraba 10 ga Afrilu 1985

Rebeka,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ban san yadda ake fara irin wannan takarda ba, duk waɗanda na iya da dariya suke farawa.

Takardarki sai jiya da azahar ta same ni. Soji sun tsare kamiyon Mati a Maraɗi, sun sa shi jigilar dawa zuwa Mayahi kwana uku, takardar na aljihunsa.

Bari in gaya maki gaskiya. Ban yi kuskuren karatu ba. Takardarki ta farko sau bakwai na karanta ta, na gane ta sarai. Na shiga zauren Mushe Ayuba da niyyar yi. Ya danna jan maɓalli, zaure ya yi tsit, ga surukina zaune, ga liman, ga sa'o'in tsohona da suka san mai sunan. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sai wani ya yi tari, na kwaikwayi tarin, aka yi dariya. Da na ji dariyar nan sai na bi ta, kamar yadda na saba bi tun ina yaro in an kama ni da laifi. Awa guda ina gudu a gaban mutane, suna tafa mani.

Tsohona bai taɓa kiran yayana da suna ba har ya koma ga Allah, ba kuma wanda ya ce ba ya son sa. Ranar sunan yaron nan ni gona na gudu. Haka muka tarar, na ɗauka shi ma haka ya ɗauke ta. Ban san yana jira ba. Wallahi ban sani ba. Ko kuwa na sani, na mai da ita wasa, wannan ma ba zan rantse ba.

Jiya na karɓo rediyon, na shiga rumbunmu da shi, tunda bana ba abin da ke ciki sai ni. Na durƙusa na faɗa. Na farko ko ni ban ji ba. Ashe Hawwa na tsaye a waje. Matar da ko sunan wani mai irin sunan ba ta faɗa, sai "wancan na gidan Ayuba". Na ji ta ce, "Sake. Wannan ko kaza ba za ta tashi ba." Na sake. Ta ce, "Ɗaga murya, Malam, Yamai da nisa." Na ɗaga har maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Da na fito ta ja mayafi ta rufe fuska, ni ma ban dube ta ba.

Na samu amalanke zuwa rabin hanya, sauran na taka. Mati ba zai tashi ba sai Asabar. Na ba wani direban kamiyon albasa, ya rantse mani zai kwana yana tafiya, ya shiga Yamai da hantsi. Na san nisan, na san shingayen jandarma da ke hanya. Na dai ba shi.

In ya iso a kan lokaci, ki sa. In bai iso ba, ki kira shi da ƙarfi, Rebeka. Muryarki tun muna yara tana tashin unguwa. Gobe ce ranar amfaninta.

Na Allah

Urafane, 26 ga Afrilu 1985

Rebeka,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Kwana goma sha biyar ke nan da ranar. Mati ya je ya dawo sau biyu, ya ce bai gan ki ba, ya ce Cha'ibu ya ce ke za ki rubuto. Na tambaye shi fuskar Cha'ibu fa, yaya take? Ya ce fuska dai irin ta Cha'ibu. Na je gidan waya na Tasawa, suka ce layin Yamai ya lalace.

Hawwa ta daina tambayata. Da ma ta ci gaba, ya fi mani sauƙi. Mutane in sun gan ni sai su fara murmushi tun daga nesa, suna jiran in ba su dariya, ni kuwa sai in canza hanya.

In fushi kike, kin yi daidai, amma ki yi shi a takarda. In kuma abin ne ya faru, ki rubuta kalma ɗaya, zan iya karanta ta.

Na Allah

Yamai, 3 ga Mayu 1985

Taubashina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Hawwa. Ƙadri na da rai, yana ci, jiya ya tsaya da ƙafafunsa. Na sa wannan a farko don ka samu numfashin karanta sauran. Ban rubuto da wuri ba don ban so in gaya maka abin da ban gani da idona ba. Fushi ma akwai, ba zan ɓoye ba.

Kaset bai riske mu ba. An tsare mai albasa a shinge biyu saboda shirin bikin soji na sha biyar ga Afrilu. Sai ranar Litinin ya kawo, kwana huɗu bayan aiki.

Ga yadda aka yi. Awa uku ana aiki, aka sa ƙarfe, aka ja. Lokotoro ya ce, "Yanzu." Mai maganin barci ya rage. Na durƙusa a ƙarƙashin tebur daidai kunnensa, na kama hannunsa, na kira. Minti ɗaya, shiru. Uku, shiru. Lokotoro agogon bango kawai yake kallo. Na yi kira har wanda ke wanke kayan aiki a ɗaki na gaba ya ji. A minti na tara ya matse mani hannu. Na ce, "Ƙadri, motsa ƙafafunka." Ta dama ta motsa. Ta hagu ko gezau.

Nan take lokotoro ya sassauta ƙarfen hagu, ya canza mashi mazauni. Muka jira. Na sake kira. Babban yatsa ya yi rawa, kaɗan, kamar ganye. Wata 'yar'uwar aikina ta ce "Alhamdu lillahi", ni na ce "Yesu na gode", lokotoro ya faɗi nasa da yarensu. Aka mai da shi barci aka ɗinke.

Ƙafar dama ta dawo duka. Ta hagu yana ɗaga gwiwa, amma tafin ƙafar na faɗuwa, yana jan ta. Za a yi mashi takalmi mai ƙarfe, zai yi tafiya da sanda. Noma da hauya doguwa zai iya. Gudu da hawan bisa sun ƙare. Lokotoro ya ce da an ɗinke ba a tashe shi ba, da ƙafar nan ta tafi gaba ɗaya, mai yiwuwa ta ja ɗayar. Kafin ya hau jirgi na tambaye shi abin da na san za ka tambaye ni: da ya amsa a minti biyu maimakon tara fa? Ya ce, "Ban sani ba. Mai yiwuwa da bambanci, mai yiwuwa babu." Ba zan ƙara maka a kai ba, ba kuma zan rage maka ba.

Kaset na biyu na saurara ni kaɗai a gida. Har muryar Hawwa ta fito a ciki. Na yi kuka, wawa kawai, Istifanus ya ɗauka rasuwa aka yi. Na kai wa Ƙadri. Ya riƙe shi yana juyawa, ya ce, "Ya faɗa?" Na ce ya faɗa, har ya wuce adadin da aka ce. Na miƙa hannu in sa a rediyo, ya hana. Ya ce, "Ajiye, Gwaggo. Da ina barci ne ake buƙatar akwati. Yanzu idona biyu. In na sauka mota ya faɗa, ina kallon sa."

Na ce mashi tashar Tasawa fa, gaban mutane. Ya ce, "Waccan dariyar ta kaset ma ai gaban mutane ya yi ta." Ka ce ba kai ya gado ba. Ka sake dubawa.

Za a sallame shi bayan sallarku da kwana uku, shi da Cha'ibu, a motar Mati.

Rebeka

Urafane, 12 ga Yuni 1985

Zuwa ga Rebeka, wadda ba ni da bakin yi wa wasa yau.

Gaisuwa mai yawa, ke da Istifanus da yara. Muna cikin azumi lafiya, bana bai yi muna wuya ba, mun daɗe muna gwaji. An yi ruwa sau ɗaya, mun yi shuka, muna kallon sama.

Na daɗe ban ba ki amsa ba. Takardarki na karanta wa Hawwa duka, ban tsallake layin minti tara ba, ko da yake idona ya so. Ta ce Allah ya riga ya rubuta. Na ce haka ne, amma da hannuna aka rubuta. Ba ta ce a'a ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tsai da waɗanda suka taru a zauren Mushe Ayuba, na gaya masu abin da aka roƙe ni a kaset ɗin nan da abin da na yi a maimakonsa. Suka tsaya suna jiran inda dariyar take. Da suka ga babu, surukina ya ce shi da shi ne ma ba zai iya faɗa ba, kunya ai addini ce. Liman ya ce shi bai ga inda aka rubuta haka ba. Suka kama gardama, na bar su a nan.

Godiya ba zan fara ba, don ba ta da wurin tsayawa. Kin durƙusa inda ya kamata a ce ni ne.

Na tambayi Mati, ya ce ranar da za su iso ta faɗo ranar kasuwa. Wato duk wanda ya san ni daga nan har Baudeta zai kasance a tashar. Kin san halina. Tun yanzu kaina ya tanadi wasa uku da zan yi in ya sauko, ɗaya a kan takalmin ƙarfe, kuma mai kyau ne, Allah ya shirye ni. Na ce wa Hawwa ta zo ta tsaya kusa da ni, in ta ga bakina ya karkata ta taka mani ƙafa. Ta ce da tabarya za ta zo.

Ƙafar nan ba ni da abin biyan ta, ko zan shekara ɗari. Zan riƙa jin jan ta a tsakar gida kullum safiya, wannan nawa ne, na karɓa. Sunan kuwa ina da shi, shekara ashirin yana ajiye a bakina ban taɓa shi ba. Kada ki neme shi a takardar nan. Ba ke ke bi na ba, kuma ya ce ba ya karɓa ta hannun kowa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ce wa Cha'ibu ya zaunar da shi gefen taga, ɓangaren masu sai da goro. Ina so in hango shi tun mota ba ta tsaya ba, in fara tun daga nesa, kafin kunya ta riga ni isa wurin.

Naki,
Na Allah